Shekarar da Baba Ya Ari Idona

'Ya'yana, na san abin da ake faɗa muku a kan kakanku. Duk wanda ya taɓa zuwa suna ko ta'aziyya a tungarmu ta bayan Argungu, sai ya dawo da maganar a kunne: wai Tunau Sarkin Ruwa ya sayar wa Turawa da guzan Tafkin Ɓaure, ya bar mutanensa da yunwa. Ke Balki har kuka kika yi mini a kan wannan kina ƙarama, na ce ki share hawaye, bakin mutane ba ya rufuwa. To, ban faɗa miki gaskiya ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, hannu ya fara rawa, kuma ba na so in mutu kayana suna kan mutumin da ba shi da bakin kare kansa. Ku karanta a hankali, kada wani ya tausaya mini tun bai kai ƙarshe ba.

Tafkin Ɓaure can cikin fadama yake, tafiyar kamar sa'a biyu a cikin ciyawar burgu. Idan gulbin Rima ya cika da damina sai ya malala har can, idan ya janye sai ya bar ruwa mai zurfi da kifi a ciki. Ba kowace shekara ake yin su a cikinsa ba, wato kamun kifin taro. Rumbun tunga ne, ana barinsa shekara biyar, shida, har bakwai, ba a taɓa shi sai shekarar da noma ya ƙi. Ranar da za a buɗe shi kuwa kowa shiga yake, maza da mata, kowa da homarsa da gorar da zai hau. Amma ba mai sa ƙafa sai Sarkin Ruwa ya shiga ya kai ƙirji, ya juyo ya ce Bisimilla. Mutane sun ɗauka asiri ne da shi da yake ɗaure bakin kada. Mu 'yan gida ba mu taɓa ƙaryata su ba, don mutum ya fi kiyaye dokar da yake tsoro.

Asirin nan aiki biyu ne kawai, kuma tun ina saurayi Baba ya nuna mini su. Na farko shi ne guza. A gabashin tafkin akwai tudun yashi inda kadoji ke binne ƙwai da rani. Uwar takan kwanta kusa tana gadi, amma rana na korarta ta shiga ruwa ta huce. Guza yana cikin ciyawa yana jiran wannan lokacin. Na sha ganin biyu sun haɗa kai, ɗaya ya je gaban uwar yana kaɗa wutsiya har ta biyo shi a fusace, ɗayan ya tona ramin ta baya ya yi ta haɗiya. In kada ta kama guza, shi ke nan, ya zama abincin rana, kuma sun san haka, amma ba su fasa. A ramuka goma, da ƙyar ɗaya ke ƙyanƙyashewa. Saboda haka gidanmu ya hana kashe guza a wajen, kuma duk bayan kwana bakwai ana kai musu kwandon hanjin kifi don kada su yi ƙaura. Na taɓa tambayar Baba me ya sa ba za a kashe kadojin gaba ɗaya a huta ba. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce kai wanga.

"Kai wanga, in babu kado, manyan tarwaɗa su ka cinye ɗiyan kihi dut. Kado kaɗan muka so, ba babu ba. Guza shi ka yi muna awo."

Aiki na biyu shi ne kira. Ɗan kada in ya fito daga ƙwai yana da wani ɗan kuka daga maƙogwaro, kuma duk kadan da ya ji shi sai ya ɗago kai ya duba. Baba ya iya kukan nan kamar shi ya ƙyanƙyashe. Kwana ɗaya kafin ranar su, yakan je da safe shi da magajinsa kaɗai, ya yi kira, ya ƙirga kawunan da suka taso. Uku ne ko huɗu, ya san kowanne. Sai a yanka akuya a kai can ƙuryar yamma, su ci su ƙoshi su kwanta, a yi su a gabas lafiya.

To, sai yanar ido ta fara rufe idon Baba. Da farko dare ne ba ya gani, daga baya har mutum ya tsaya gabansa sai ya yi magana zai gane shi. Tafiyar tafki ta gagare shi, kwandon ya dawo kaina. A lokacin na auri uwarku Kulu, ina jin kaina, ina ganin duk abin da tsofaffi ke yi wahalar banza ce. Wata rana na kai busasshen kifi kasuwar Birnin Kebbi, na ga wani dillali ya baza fatun guza a rana, wai kantin Turawa ne ke saye, kuma ba su ƙoshi. Ya ce guzan bakin gari duk sun yi wayo, ko na san inda manya suke? Na yi dariya a raina. Ni da nake ciyar da su da hannuna.

Ba zan ɓoye muku yadda abin ya zo da sauƙi ba, don nan ne abin kunyar yake. Guzan Tafkin Ɓaure ba su san gudun mutum ba. Tun kakan kakana, in sun ga mai kwando fitowa suke yi, suna lasar iska, har su taka maka ƙafa. Na ajiye kwandon, suka sunkuya, na ɗaga kulki. Ranar farko huɗu na ɗauka, na ce wa kaina guza kamar kaza yake wajen haihuwa, huɗu ba za su rage komai ba. Rani uku na yi ina wannan aiki. Na ɗinka riga, na sayi fitilar ƙwai, na ce wa mutanen gida kifi ne ya yi kasuwa. A rani na uku na ajiye kwando na zauna har rana ta take, ba abin da ya zo sai ƙuda. Kullum na dawo Baba na zaune a zaure yana jira.

"Kai wanga, mi kag gani?"

"Guza na nan, Baba. Sun tone ramu."

"Madalla. Allah shi yi albarka."

Da ruwan farko na shekarar nan na je na tarar da tudun yashin fari fat da ɓawon ƙwai, kowane rami ya buɗe. Bakin ruwa 'ya'yan kada ne birjik, kowanne kamar tsawon tafin hannu. Na lallashi kaina da cewa zalɓe da tarwaɗa za su rage su. Sun rage, amma ba su ne ke da aikin ba. Shekara ta zagayo aka sake ƙyanƙyashe wasu. Daga nan na daina isa tafkin ma. Sai in tsaya rabin hanya ƙarƙashin wata giyayya, in zubar da hanjin, in yi barci, in dawo da labarin da na saba. Addu'ata ɗaya ce a shekarun nan, Allah ya sa shinkafa ta yi ta yin kyau, kada a tuna da tafki. Shekara huɗu ana amsa mini.

A ta biyar gulbi ya zo da wuri, ya zo da fushi. Shinkafa ba ta kai gwiwa ba ruwa ya haye kanta, ya kwana arba'in bai sauka ba. Geron tudu ɗan kaɗan ne, kafin tsakiyar rani an share rumbuna. Mata suka shiga tonon bado. Wata safiya Maigari Noma ya shigo zaurenmu da dattijai uku. Mutumin kirki ne, abokin Baba tun suna yara, amma yunwar mutane ta sa muryarsa ta bushe.

"Sarkin Ruwa, mun zo. Ɗiya na kwana da kuka. Shekara bakwai ke nan ba mu taɓa tabkin ga ba."

"Na jiya, Maigari. Asabar in Allah ya so. Juma'a ni da wanga mu tahi mu gaida ruwa."

"Idonka fa?"

"Ga idona nan zaune," in ji Baba, ya nuna inda yake jin numfashina.

Ina zaune a bakin ƙofa ina gyaran mamari, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, har ƙugiya ta shige mini yatsa ban ji ba.

Ranar Juma'a muka fita da sassafe, ni a gaba riƙe da kan sanda, shi a baya riƙe da gindinta. Duk hanya ina shirya maganar a bakina, in ta zo leɓe sai ta koma. Shi kuwa hira yake, yana ba ni labarin sun da aka yi shekarar da aka haife ni, yadda aka fid da giwan ruwan da sai da mutum huɗu suka ɗauka. Da muka isa ruwan kwance yake lumui, ba ko motsi. Na ji wani sanyi a raina, na ce wataƙila sun cinye juna, wataƙila sun bi ambaliya sun koma gulbi. Baba ya tsuguna, ya dafa maƙogwaro da yatsa biyu, ya yi kukan sau uku.

Na farko ya taso kusa da itacen ɓauren da tafkin ya ci sunansa, tsohon kadan da na sani. Sai na biyu. Sai ruwan ya fara tsiro da idanu, nan da can, gabas da yamma, har bakin da mata ke shiga. Ba manya ba ne can, yawancinsu tsawon mutum ne ko ƙasa da haka, amma irin waɗannan su ne marasa haƙuri, ba su san akuyar Sarkin Ruwa ba, ba su san komai ba sai yunwa. Na ƙirga har talatin da wani abu, lissafi ya ɓace mini. Dukansu mu suke kallo.

"Nawa kag gani?"

Ku ji abin da ubanku ya ce.

"Uku, Baba."

Ya ɗan karkata kai. Ina ji a jikina kunnensa ya ɗauki wani abu, don ruwa ba ya yin irin wannan ƙara saboda kai uku.

"Uku?"

"Uku na. Iska ta ka kaɗa ruwa."

"To. Alhamdu lillahi. A kai akuya da la'asar."

Ban san abin da nake tunani ba. Na san dai tsoron idon Baba ya fi mini tsoron Allah a wannan lokacin, idon da ba ya ma gani. A hanyar dawowa na yi ta yi wa kaina wayo. Na ce ganga da ihun mutane za su kore su. Na ce kada ba ya kama mutum cikin taro. Na san ƙarya ne, don tafki ba gulbi ba ne, ba su da inda za su gudu, kuma dabbar da aka matse ita ce ke cizo.

Da la'asar na kai akuyar na jefa, ko ƙasa ba ta kai ba aka yayyage ta. Na dawo gida na tarar da Kulu a tsakar gida tana ɗinke homa. Tana da cikinka wata shida, kai Sani. Ta rame, wuyanta duk jijiya, amma ranar tana 'yar waƙa.

"Wa za ki ba homag ga?"

"Wa zan ba? Tawa ta."

"Ba ki shiga ruwan ga gobe."

Ta ɗago ta dube ni, tana dariya.

"Matar magajin Sarkin Ruwa ta zauna tudu, matan wasu na ciki? Mi za a ce? Ko Baba ya ga wani abu?"

"Bai ga komi ba."

"To, in Baba ya ce lahiya, lahiya ta. Baba bai taɓa ƙarya ba."

Ta ci gaba da ɗinkinta. Nan na ga iyakar muguntata, ina neman in cire matata ni kaɗai, in bar matan mutane su shiga. Na tashi na bar gidan don kada ta ga fuskata.

Asabar da hantsi tunga duka tana bakin tafki, har da mutanen tungayen maƙwabta da suka ji labari. An jeru tun daga ɓauren har tudun yashi, homa a kafaɗa, gora a hammata. Makaɗa na kiran sunan Baba. Na ga tsofaffin da rabona da ganin haƙoransu tun kafin ambaliya suna dariya. Na ga Kulu ta ɗaure zane bisa ciki, tana cikin sahun gaba. Baba ya tuɓe riga, ya ɗaura warki, ya miƙo mini sanda. Na ja shi muka gangara. Ruwa ya taɓa idon sawunsa. Ya ƙara taki ɗaya, ya kai ƙwauri. Na riƙe sandar na ƙi yin gaba, har ya ji.

"Mi ka damunka?"

"Baba, tsaya."

"Hwaɗi."

"Ba uku ba na. Sun hi talatin. Babu guza, Baba, shekara biyar babu ko guda. Ni nik kashe su, nis saida hwatun Birnin Kabi."

Na yi zaton zai mare ni, har na so ya yi. Bai motsa ba. Ganga na ta tashi a bayanmu, wasu samari har sun fara matsowa. Ya tsaya kamar an dasa shi, fararen idanunsa na kallon ruwan. Abin da ya fara tambaya shi ne,

"Akwai wanda yas shiga?"

"Babu."

"Juya ni in huskanci mutane."

Na juya shi. Ya ɗaga hannu, makaɗa suka tsaya.

"Jama'a, ku ja da baya. Ba a su yau."

Wurin ya fashe da hayaniya. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce tsoro ne. Wata mata ta ɗaga ɗanta sama tana cewa ya dubi haƙarƙarin yaron, ta manta ba ya gani. Samari suka ce da izini ko babu izini za su shiga, wasu ma ruwa ya kai musu gwiwa. Maigari na ta ɗaga sanda ba mai jinsa. Baba ya san magana ba za ta tsayar da mai yunwa ba. Sai ya dafa maƙogwaro, a gaban kowa, a gaban baƙi, ya yi kukan da gidanmu ya ɓoye tun kafin a san Bature a ƙasar Kabi.

Kawuna suka taso ɗaya bayan ɗaya, wani bai fi taki biyar da saurayin da ke gaba ba. Yaron ya saki gora ya fito da baya da baya, bakinsa a buɗe. Mata suka kwashi 'ya'ya suka haye tudu. Da aka natsa, Maigari Noma ya gangaro.

"Tunau, ƙaƙa haka ta hwaru? Ina guzan da gidanku ka tsaro?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Baba ya matse mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Ni nib bada su. Dillali ya zo, na yi kwaɗai. Laihina na, ni ɗai."

Ya saki hannuna bayan haka, kuma ba abin da ya hana ni magana sai ni kaina. Bai sa ni rantsuwa ba, ranar ko bayanta. Na yi shiru saboda tsoro, na bar makaho tsaye cikin ruwa ana tofa masa yawu. Da muka kama hanyar gida, mu biyu a bayan kowa, abin da ya ce mini ke nan duk tafiyar:

"Tsoho shi ka ɗaukar irin wagga. Kai haihuwa kaka jira."

Ba a mutu a ruwa ba ranar, ko mutum ɗaya, wannan kaɗai nake riƙewa. Amma rani ya yi tsawo. Masu mashi sun gwada rage kadojin, suka tarar ma kifin da ake sa rai ba shi da yawa, bakuna talatin sun riga mu. Mutane suka watse cin rani, wasu ba su koma ba, kuma akwai ƙananan kaburbura na shekarar da ba na iya wucewa ta kusa da su. Aka karɓe sarautar aka ba wani gida. Ba wanda ya kore mu, gaisuwa kawai aka daina amsawa. Kafin damina muka tattara muka dawo nan Nassarawa, na kama sayar da kifin da wasu suka kamo. Na ji labari daga baya guza sun dawo da kansu daga gulbi, manyan kadoji sun cinye ƙanana, wasu sun bi ruwa, har aka sake buɗe tafkin bayan shekaru masu yawa. Ruwa ya gyara kansa, sunan Baba ne bai gyaru ba.

Shekara tara ya yi a gidan nan. Bai taɓa tayar da maganar ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, yana cin abin da na kawo, yana sa mini albarka. Uwarku ma bai faɗa mata ba, ni na faɗa mata bayan rasuwarsa, ta yi wata guda ba ta dubi fuskata ba. Abu ɗaya ne kawai ya canza. Wata la'asar a shekararsa ta ƙarshe muna zaune a ƙofar gida, kafaɗata na gogar tasa, iska ta juyo da ƙamshin ƙasa. Ya ɗaga kai ya ce ko hadari ne? Na ce hadari ne Baba, ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, yanzu zai sauko. Ya gyaɗa kai, ya ɗan jira kamar yadda ake jira don kada a kunyata mutum. Sannan ya juya wajen zaure ya ɗaga murya.

"Kulu! Zo ki duba min gabas."